KUNNEN INJI: Darasi ga Hakimai da Magatakardansu a kan Gane Ciwon Tsohuwar Mota

Gabatarwa

1. An shirya wannan darasi ne domin hakimai da magatakardansu, musamman na ƙasar Illela da sauran gundumomin da ke bakin iyaka. Ba a neman hakimi ya zama bakanike, ba a kuma neman magatakarda ya ajiye alƙalami ya ɗauki sifana. Abin da ake so shi ne, duk wanda aka ɗora wa amanar mota da kuɗin gyaranta ya san abin da zai tambayi mai gyara, in kuma an ba shi amsa ya iya rarrabe ta gaskiya da ta neman kuɗi.

2. A da da doki ake rangadi, kuma babu hakimin da bai san alamun doki mai ciwo ba. Yau mota ta gaji doki. Daga Illela zuwa Sakkwato, ta Gwadabawa da Kware, kimanin kilomita 85 ne, ga kuma zirga-zirgar ƙauyuka, da ta kasuwa ran Lahadi, da ta zumunci zuwa Birnin Konni. Yawancin motocin da ke wannan wahala 'yan Kwatano ne, waɗanda suka riga suka ci zamaninsu a Turai ko Amurka kafin su iso gare mu. A jikin injinsu akwai wani ɗan ƙarfe, girmansa bai fi goro ba, wanda makanikai ke kira nok sansa. A cikin wannan takarda za mu kira shi kunnen inji, domin aikinsa ke nan, sauraro. Rashin saninsa ya sa an sauke injuna masu lafiya, an kuma kashe waɗansu da ƙaramin gyara zai cece su.

Bugawa iri biyu

3. Tun da farko sai a raba abu biyu da mutane ke gamawa. In an ce "inji ya buga," abin da ake nufi shi ne baƙin mai ya ƙare ko ya kasa zagayawa, gammon ƙarfen da ke tsakanin sandar fistin da karanshaf ya cinye, har inji ya riƙa dukan kansa kamar ana sakwara, ko kuwa ya cije gaba ɗaya. Wannan babban ciwo ne, kuma ba shi kunnen inji ke tsaro ba. Abin da yake saurare wata siririyar ƙara ce, kamar an zuba tsakuwa cikin gwangwani ana kaɗawa. Akan ji ta sa'ad da aka taka totur a kan hawa, ko an yi wa mota lodi mai nauyi, ko an bar ta a babbar giya alhali gudunta ya ragu. Ita za mu kira ƙwanƙwasa. Duk mai gyaran da ya ga lambar nok sansa a kwamfuta ya ce inji ya buga, to, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuwa ya sani yana da wata manufa.

Abin da ke kawo ƙwanƙwasa

4. Injin fetur yana aiki ne hawa huɗu. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai. Ya hau ya matse su. Fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama ta tura fistin ƙasa. Sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. In inji na lafiya, wutar takan tashi daga bakin fulogi ta bi ta cinye man a hankali, kamar yadda wuta ke cin busasshiyar ciyawa daga gefe guda zuwa ɗaya gefen. Amma in zafi da matsi sun yi yawa, ragowar man da ke can lungun silinda ba ya jiran wutar ta iso, sai ya fashe da kansa kamar albarushi. Ƙarfin fashewar nan shi ke dukan bangon silinda, ƙarfe ya yi amo sau dubu 5 zuwa dubu 8 a cikin daƙiƙa guda. In abin ya daɗe, ringi yakan karye, kan fistin ya zaizaye ko ya huje, gasket ya ƙone. Daga nan sai sauke inji.

5. Abubuwan da ke jawo ƙwanƙwasa sanannu ne, kuma yawancinsu muna fama da su a wannan yanki.

(a) Mai maras ƙarfi. Ana auna jimirin fetur ga matsi da lambar da ake kira oktan. A Turai fetur na yau da kullum lambarsa 95 ce, kuma don shi aka daidaita motocin can. Ba kullum man da direba zai samu a hanya yake kai haka ba, balle wanda aka gauraya da kananzir ko gas, domin su biyun nan suna karya jimirin fetur ƙwarai.

(b) Zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40. In lagireto ya toshe da ƙura, ko fanka ta tsaya, ko ruwa ya ragu, ƙwanƙwasa na nan tafe.

(c) Ƙarancin mai a cikin iska, watau famfon mai ya yi rauni, ko injekta ta toshe, ko iska na satar shiga ta tsagaggen tiyo.

(d) Kunkunniya da ta taru a kan fistin saboda tsufa ko shan baƙin mai.

(e) Fulogin da ba na motar ba, ko kuwa wutar da ke zuwa da wuri fiye da kima.

6. Maganar mai tana da nauyi a bakin iyaka. A watan Nuwamba na 2019 Hukumar Kwastan ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyakar ƙasa, sai mutanen garuruwa irin su Illela suka dogara ga 'yan bumburutu. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, tsada ta ƙara tura masu mota neman araha. Ba a ce duk man jarka gurɓatacce ne ba, ba a kuma ce duk na famfo tsarkakakke ne ba. A watan Fabrairu na 2022 hukuma da kanta ta ba da sanarwar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Najeriya, aka janye shi daga kasuwa. Saboda haka a riƙa gwadawa. A ɗiga mai kaɗan a kan farar takarda, nesa da wuta. Fetur zalla yakan bushe bai bar tabo ba, mai kananzir ko gas kuwa yakan bar maiƙo. A kuma zuba kaɗan cikin farar kwalba a ajiye. In da ruwa a ciki, zai kwanta a ƙasa.

Yadda kunnen inji ke aiki

7. Masana sun daɗe suna yaƙi da ƙwanƙwasa. A 1921 ma'aikatan kamfanin General Motors na Amurka suka gano cewa in an zuba wani sinadarin dalma cikin fetur tana raguwa. Daga baya aka tabbatar dalmar nan guba ce ga mutane, musamman yara, ƙasashe suka yi ta hana ta ɗaya bayan ɗaya, har Aljeriya ta zama ta ƙarshe a 2021. Ta wajen ginin inji kuwa, dabarar da ta fi ita ce a ba shi kunne. Asalinta wani bincike ne na 1880, inda waɗansu 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano akwai duwatsun da in an matse su suna ba da ɗan lantarki. Wajen ƙarshen shekarun 1970 aka fara sa wannan dabara a motocin sayarwa.

8. A cikin kunnen inji akwai zobe na irin wannan abu. An ɗaure shi da noti a gangar jikin inji. In ƙarfe ya girgiza, zoben ya matsu, ya aika ɗan lantarki ta waya zuwa ƙwaƙwalwar mota. Ita kuwa da ta ji amon ƙwanƙwasa sai ta jinkirta tartsatsin fulogi kaɗan. In amon ya ɗauke, ta riƙa mayar da shi sannu sannu. Haka take yi muddin inji na tafiya, tana ja tana saki, kamar mahayi da linzami.

9. Hakimi zai fi kowa gane wannan tsari. Ƙwaƙwalwa ita ce hakimi, kunnen inji shi ne mai unguwa da ke kawo rahoto. In mai unguwa ya kawo labarin rigima, laifin ba nasa ba ne, sai a je a kashe rigimar. In kuwa an daina jin ɗuriyarsa sam, hakimi mai hankali ba ya cewa lafiya ce ta kawo shiru, sai ya yi taka-tsantsan. To, haka ƙwaƙwalwar mota take yi. Da saƙon kunne ya yanke, sai ta jinkirta wuta sosai don ta tsare inji, ta kunna fitilar gargaɗi. Sakamakon haka mota takan yi nauyi, ta ƙi ɗaukar totur, ta riƙa shan mai fiye da da. A waɗansu motocin Toyota da Lexus masu silinda 6 da giya mai canja kanta, har giyar ƙarshe takan ƙi shiga, mai mota ya zaci giyabos ne ya mutu.

10. A lura da abu biyu. Na farko, mutuwar kunnen inji ba ta cika hana mota tashi ba. In mota ta ƙi tashi, a nemi dalili a wani wuri. Na biyu, ba kowace mota ke da shi ba. Peugeot 504 mai kabureta, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, ba ta da shi. In ta yi ƙwanƙwasa, sai a duba mai da ruwa, a kuma daidaita distirbuta. Darasin nan kuma bai shafi motocin gas ba.

Hanyar bincike

11. Doka ɗaya ce ke bisa dukan bincike: a fara da mai araha kafin mai tsada, da na waje kafin na ciki. Ga matakan bi da bi.

*Mataki na 1.* A zaunar da Sarkin Mota ko direba a tambaye shi cikin natsuwa, ba da tsawa ba, domin wanda ke tsoro ba ya faɗin gaskiya duka. Yaushe abin ya fara? A ina aka sha mai na ƙarshe? An wanke inji da ruwan famfo mai ƙarfi? Wa ya taɓa ta kwanan nan?

*Mataki na 2.* A duba baƙin mai da ruwan lagireto, amma sai inji ya huce. In ƙarar mai nauyi ce, ana jin ta ko mota na tsaye, ko kuwa jar fitilar mai ta kama, a kashe inji nan take, a jawo motar. Kada a ce bari a lallaɓa zuwa gida.

*Mataki na 3.* A sa mata kwamfuta. Motocin da aka yi don Amurka daga 1996, da motocin fetur na Turai daga 2001, duk suna da soket mai ramuka 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. Lambobin da suka shafi kunnen inji su ne: P0325, layin kunne na ɗaya ya sami matsala, P0326, saƙonsa bai dace ba, P0327, saƙon ya yi ƙasa, P0328, saƙon ya yi sama. P0330 zuwa P0333 kuwa na kunne na biyu ne, a injunan da ke da guda biyu. Lalle ne magatakarda ya rubuta dukan lambobin da suka fito kafin a goge su. A kuma sani, lambar layin ta zarga gaba ɗaya, watau kunne da waya da soket; ba ta ce kunnen ne ya mutu ba.

*Mataki na 4.* A bi waya da ido da hannu. Zafin inji na shekaru yakan busar da rigar waya ta tsattsage, soket ya karye ko ya yi tsatsa. Ɓeraye kuma sukan ci waya, musamman a motar da ke ɗaukar hatsi ko take kwana kusa da rumbu. Sau da yawa a nan ciwon yake, kuma gyaransa bai taka kara ya karya ba.

*Mataki na 5.* A duba ɗaurin notinsa. In ya yi sako-sako kunne ba ya ji sosai, in an matse shi fiye da kima zoben ciki yakan lalace. A kuma nemi ƙarfen da ya kwance kusa da shi, kamar maɗaurin salansa, domin kaɗawarsa takan sa kunne ya kai rahoton ƙarya.

*Mataki na 6.* A cire soket a auna kunnen da mita. Kowane kamfani da adadinsa. Ga misali, kunnen Toyota mai waya biyu yakan nuna tsakanin om 120,000 da 280,000 in ya huce. Tsohon samfuri mai waya ɗaya kuwa, abin da ake so shi ne kada lantarki ya wuce tsakanin bakinsa da jikinsa. Mai gyara ya faɗi adadin da ya gani da wanda ya kamata, a rubuta duka biyu.

*Mataki na 7.* A tsofaffin samfura akan ɗan ƙwanƙwasa gangar inji kusa da kunnen da sifana, a hankali, ana duban mita ko kwamfuta. In allura ta motsa ko wuta ta jinkirta, kunne na ji. Ba kowace mota ke amsa wannan gwaji ba, don haka shirunsa kaɗai bai isa hujja ba. Kada kuma a bugi kunnen kansa.

12. In duk an bi matakan nan aka tabbatar kunnen ne ya mutu, sai a sayo mai lamba iri ɗaya da tsohon. Na bogi sun yi yawa a kasuwa, araha kuwa ba ta ado. A goge mazauninsa fes, kada a sa masa washa ko gam, a ɗaure shi da sifana mai awo. Yawancin masu siffar zobe niyuton-mita 20 suke so. Wanda ya faɗi a kan siminti kada a yarda da shi. A injuna masu silinda 6 kunnuwan sukan kasance a ƙarƙashin manifol, sai an kwance kaya da yawa kafin a kai gare su. Tun da an buɗe, gara a canja su duka biyu da wayarsu lokaci guda, da a biya ladan aiki sau biyu. Bayan an gama a goge lamba, a gwada motar daga Illela zuwa Gwadabawa da dawowa, sa'an nan a sake sa kwamfuta.

Dabarun da aka hana

13. Akwai gyaran da ya fi ɓarna muni. Waɗansu sukan cire ƙwan fitilar gargaɗi ko su liƙe shi. Waɗansu sukan kwance kunnen daga gangar inji su ɗaure shi a inda ba ya jin kome, ko su naɗe shi da roba, ko su yi wa wayar dabara don ƙwaƙwalwa ta zaci lafiya lau. Mota kuwa takan saki jiki ta yi gudu, mai ita ya yi murna. Amma wannan daidai yake da a toshe bakin mai unguwa don kada a ji mugun labari. Ranar da aka sha gurɓataccen mai cikin bazara, babu mai jan linzami, sai inji ya ci kansa.

14. Gane wannan ha'inci ba wuya. A murɗa makulli ba tare da an ta da inji ba. Fitilar nan mai siffar inji dole ta kama, sa'an nan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama sam ba, an taɓa ta. Duk mai sayen 'yar Kwatano ya yi wannan gwaji kafin ya ƙirga kuɗi. In kuwa fitilar na ƙiftawa sa'ad da ake tafiya, alama ce wata silinda na fashin wuta. A rage gudu a nufi gareji.

Aikin magatakarda

15. Kowace mota ta ofis ta kasance da littafinta. A ciki a rubuta ranar shan mai, da wurin, da yawan lita, da lambar kilomita da ke kan agogo. In ana cika tanki kowane sha, lissafi zai nuna kilomita nawa lita ɗaya ke kai ta. Ga misali: a ɗauka mota na cin kilomita 10 da lita guda. Zuwa Sakkwato da dawowa kilomita 170 ne, watau lita 17. In kunne ya mutu ta koma kilomita 8, tafiyar nan za ta ci lita 21 da rubu'i. A tafiya 8 cikin wata an yi asarar lita 34. Magatakardan da ba shi da littafi zai zargi direba da satar mai, a ɓata sunan bawan Allah a banza, alhali ɓarawon yana ƙarƙashin bonet.

16. In an kai mota gareji, magatakarda ya je da kansa, ya yi sallama da ladabi, domin mai sana'a sarki ne a rumfarsa. Sa'an nan ya yi tambaya huɗu: "Malam, wace lamba ta fito? Ka bi waya da soket? Me mita ta nuna? In an canja, za ka ba ni tsohon in kai wa Maigirma Hakimi?" Mai gyara na ƙwarai yakan ji daɗin waɗannan tambayoyi, ya amsa ba da kame-kame ba. Kada a biya kuɗi sai da rasit mai ɗauke da lambar kayan, kada kuma a yarda a sauke inji sai mai gyara na biyu ya duba ya tabbatar.

17. A ƙarshe, ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan takarda ga direbobinsu, su kuma isar da ita ga shugabannin tasha, gama injin da ya mutu tsakar daji da dare ba dukiya kaɗai yake sa wa cikin haɗari ba. A wanke lagireto kafin bazara, a kakkaɓe matatar iska lokacin hunturu, a san inda ake shan mai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi don bita

1. Mene ne bambanci tsakanin ƙwanƙwasa da bugawar inji, kuma wanne ne ke wajabta kashe mota nan take?
2. Don me mota ke yin nauyi da shan mai in saƙon kunnen inji ya yanke?
3. Kwamfuta ta nuna P0325. Faɗi abubuwa uku da za a duba kafin a sayi sabon kunne.
4. Yaya za ka gane an cire ƙwan fitilar gargaɗi?
5. Mota ta sha lita 40 ta yi kilomita 320. Kilomita nawa lita ɗaya ta kai ta?

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba mu ikon riƙon amana. Wassalam.